Ƙayar Madara a Shayin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Gwaggo ta zo da babbar jakarta, wadda zik ɗinta ya mutu take ɗaure ta da igiya. In da ƙaramar ta zo, kwana biyu ne. Babbar kuwa sai yadda Allah ya yi.

Ta ce ta zo ne ta zauna da mu har ƙanenta ya samu lafiya. Ƙanen nata shi ne Baba. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ni fa ba a kwance nake ba.” Ta ce shi ma Baffa ai da ƙafarsa yake yawo, sai da ya kwanta aka san yana ciwo.

Baffa shi ne wan Baba, ciwon hanta ne ya tafi da shi bara. Yanzu kuma an yi wa Baba hoton ciki, likita ya ce akwai kitse a hantarsa, ga ciwon sugan da yake fama da shi tun da. Likitan ya ce in an kiyaye ba abin tashin hankali ba ne. Gwaggo ba ta ji wannan rabin ba.

An ba ta gadona. Ni ina ƙasa a kan katifa, da tsohon littafin lissafina na firamare da ban cika ba. A ciki nake wannan rubutun.

Talata, 4 ga Maris

Mama tana fita gidan burodi tun gari bai waye ba, don haka safiyar Baba tawa ce. Ni nake huda masa yatsa in gwada suga, don shi ba ya iyawa. Mutumin da yake hawa tsani ya yi wa bene fenti yana waƙa, amma da ya ga ’yar allurar nan sai ya runtse ido ya ce, “’Yar Shiru, a hankali, ni maraya ne.” Daga nan in miƙa masa ƙwayar sugarsa, ya karya, in cika masa filas da shayi. Babu suga ko ɗis, sai citta mai yawa don ta danne ɗacin.

Yau ina cikin daka cittar Gwaggo ta shigo kicin ta turo ƙofa. Ta ciro wata farar roba irin ta magani ta ce in riƙe. A jikinta akwai hoton wani fure shunayya, ƙaya ta kewaye shi. Na kwafo sunan harafi bayan harafi: Milk Thistle. Gwaggo ƙayar madara take ce masa. Wai wata mata ce a unguwarsu ta ba ta, mijinta ya sha hantarsa ta koma kamar ta jariri.

Ta ce, “Kin san ubanki. In ba likita ne ya rubuta ba, ko ruwa ne ba zai sha ba. Kullum ki buɗe kafso ɗaya ki juye garin a filas. Ganye ne, ba magani ba.”

Na ce Mama fa. A hankali na faɗa, sai da ta ce in maimaita.

“Uwarki bakinta ba ya riƙe magana. Ke na zaɓa, don ke ba kya magana. Ko so kike ya bi Baffa?”

Ba na so. Na juye.

Garin ba ya narkewa. Ya yi ta yawo a sama, can ya kwanta a ƙasa tare da cittar.

Laraba, 5 ga Maris

Ya dawo da filas babu komai a ciki. Har ya ce shayin ya yi daɗi. Na kasa ɗaga ido.

Asabar, 8 ga Maris

A shagon da nake koyon ɗinki na haɗa hannun riga a juye. Anti mai shago ta ce yau kuma ina hankalina ya tafi yawo. Sauran suka yi dariya, ni kuma na yi ta warware zare.

Da na dawo Gwaggo tana wanka, na ɗauko robar na duba ƙananan rubutun da ke bayanta. Turancina bai kai can ba. Kalma ɗaya na gane, wadda take nufin likita. Me ya kawo likita jikin abin da ba magani ba?

Ba ni da wanda zan tambaya. In na tambaya, za a ce ina na gani.

Lahadi, 9 ga Maris

Na taya Baba tace tsohon fenti a tsakar gida. Ni na riƙe farin tsumman a bakin bokiti, shi yana zubawa. Fentin ya yi sumul a ido, amma da ya gama wucewa sai ga datti da ɓawo sun taru a kan tsumman. Ya murza su da yatsa ya ce, “Kin gani? Shi ya sa ba na yarda da ido.” Ya ɗiga min fenti a hanci, ya ce yanzu na zama ma’aikaciya.

Na yi dariya. Sai na tuna gobe da safe.

Talata, 11 ga Maris

Cikin Baba ya ɓaci. Shiga banɗaki, fita banɗaki, cikin ya kumbura yana ta ƙugi. Ya ce wa Mama ko dai ragowar burodin da ya kwana take kawo mana. Mama ta ce burodinsu bai taɓa kwana ba, shi dai ya faɗi abin da yake ci a wurin aiki a bayan idonta.

Gwaggo ta same ni ina wanke-wanke, fuskarta sai sheƙi take. “Kin ga aiki, ko? Dattin hantar ne yake fita. Daga gobe biyu za ki sa.”

Kullum sai na nuna mata ɓawon kafson da na buɗe kafin in zubar.

Alhamis, 13 ga Maris

Yanzu kuma ƙaiƙayi. Wuyansa da hannuwansa sun yi ja kamar taswira, yana susa kamar zai cire fata. Shi ya ce sabon fentin da suke aiki da shi ne. Mama ta shafa masa mai tana faɗa, wai shekara da shekaru yana wanka da fenti, sai yau fenti ya san da shi.

Gwaggo ta kalle ni ta kashe ido ɗaya.

Ni dai ban san datti yana fita ta wuya ba.

Asabar, 15 ga Maris

Lambar da abin gwaji yake nunawa ta yi ƙasa da yadda muka saba gani. Baba ya ji daɗi, ya ce ciwon suga ya fara jin tsoronsa.

Amma ya daina karyawa. Na ajiye masa abinci ya ture. Ya ce, “’Yar Shiru, in na hau sama gudawa ba ta san tsani ba. Kafin in sauko an yi abin kunya. Gara in bar cikin wayam har azahar.” Ƙwayar suga kuwa sai da ya haɗiye, don likita ya ce kar ya kuskura ya tsallake. Ya ɗauki filas ya fita.

Ƙwaya, da shayina. Shi ke nan abin da ke cikinsa.

Litinin, 17 ga Maris



Ban je shago ba, ina shanya, sai na ji babur a ƙofar gida tun rana ba ta yi tsaka ba. Dogo ne, abokin aikin Baba. Ya shigo riƙe da shi. Gefen jikin Baba duk farin fenti, daga kafaɗa har takalmi, fuskarsa jiƙe da gumi, gwiwar hannunsa ta ɗaye.

Dogo ya ce yana kan tsani sai ya ga burushi ya faɗo. Ya ɗaga kai ya ga Baba ya rungume tsanin yana karkarwa, yana kallonsa kamar bai san shi ba. Ya yi ta kiran sunansa yana lallaɓa shi ya sauko, saura ’yan matakai ƙafarsa ta zame, ya faɗo shi da gwangwanin. Wata mai shago ce ta kawo lemon kwalba aka ɗura masa, sannan ya dawo hayyacinsa.

“Allah ya sa katanga ce muke yi,” in ji Dogo. “Da bene ne, da ba haka zan kawo shi ba.”

Baba ya so ya mai da abin wasa. Ya ce ai dama yana son a yi masa fenti, ya tsufa. Ba wanda ya yi dariya.

Ni na wanke masa ciwon. Yana ce min sannu, ni da ya kamata in ce masa.

Da muka keɓe na ce, “Gwaggo, ko garin nan ne?” Ta ce in rufe mata baki, yunwa ce, mutum ya ƙi cin abinci ba dole ya ga jiri ba. Gaskiya ne bai ci ba. Amma me ya hana shi ci?

Laraba, 19 ga Maris

Mun je asibiti, ni da Baba. Ni ce mai riƙe ledar magungunansa, kamar kullum.

Nas ɗin mai tabarau ce, mai fara’a. Ta zazzage ledar a kan tebur ta duba ɗaya bayan ɗaya. Ta duba wuyansa. Ta tambayi cikin. Sai ta ce, “Malam, bayan waɗannan akwai abin da kake sha? Ko na ganye, ko na ƙarin ƙarfi, ko wanda wani ya ba ka?”

Baba ya dafa ƙirji. “Wallahi babu. Ni ko an kawo min ba na karɓa. Tambayi ’yata.”

Ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. “’Yan mata, ke ce likitar gida? Nan ne duka?”

Na buɗe baki zan faɗa. Na ga fuskar Gwaggo, na ga Baffa ranar ƙarshe da idonsa ya yi ruwan ƙwai. Na ga Baba da hannu a ƙirji, ya riga ya rantse.

Na gyaɗa kai.

Ta ce abin ya ɗaure mata kai. Ta ce kar ya sake shan ƙwayar suga babu abinci, ya riƙa yawo da alawa a aljihu, mu dawo in bai daina ba.

A hanya ya saya min lemo wai ladan rakiya. Na kasa sha.

Alhamis, 20 ga Maris

Na buɗe biyun, na juye garin a magudanar ruwa, na kora. Na nuna wa Gwaggo ɓawon. Ta ce yawwa ’yar albarka.

Yanzu mutum biyu nake yi wa ƙarya.

Litinin, 24 ga Maris

Cikin ya lafa. Jan wuyan ma ya fara dushewa. Yau ya karya har ya nemi ƙari, ya fita yana waƙarsa marar kan gado.

Ya kamata in ji daɗi. Na ji, kaɗan. Amma in Gwaggo ce mai gaskiya fa? In dattin ne ya daina fita, yana can yana taruwa a hantar saboda ni? In na sa, tsani. In ban sa ba, Baffa. Duk inda na juya, ni ce.

Laraba, 26 ga Maris

Ta gane.

Ta zauna tana kallon Baba yana cin abinci, ba ya susa, ba ya tashi. Da ya fita ta biyo ni kicin ta tsuguna a bakin magudana ta shafo gefen da yatsa. Garin ya maƙale a wurin. Na ɗauka na kora duka.

Ba ta dake ni ba. Da ma dukan ta yi. Cewa ta yi, “Ashe shirun naki na munafurci ne. Ranar da aka kwantar da shi, ki tuna ke kika zubar da maganinsa a kwata.”

Yau magani ta ce. A da ganye ne.

Ta karɓe robar. Da Baba ya dawo ta ce masa daga yau ita za ta riƙa haɗa masa shayi, yarinya tana makara a wurin ɗinki. Ya ce, “Yaya, ai kin shagwaɓa ni.” Ta ce ba yau ta fara ba.

Na leƙa ta taga. Uku take sawa, wai don a rama kwanakin da na ɓata.

Alhamis, 27 ga Maris

Mama ta dawo ta zauna a bakin gado tana matsa ƙafarta, gari duk a girarta. Gwaggo ta je maƙwabta. Na ce yanzu ne.

Na ce, “Mama.”

Ta ce, “Na’am,” idonta a rufe.

Na tsaya. Ta ina zan fara? In na ce Gwaggo, sai in ce ni. In na ce ni, sai in ce tsanin.

“Mene ne, ’yar nan? Kin tsaya min a kai kamar sanda.”

Na ce ko in kawo mata ruwa. Ta ce kawo. Kafin in dawo ta yi barci a zaune.

Asabar, 29 ga Maris

Komai ya dawo, har ya fi da. Gudawar, da ƙaiƙayin, yanzu har bayansa. Da safe kuma leɓensa na sama ya kumbura. Ya duba madubi ya ce ko kiyashi ne ya sumbace shi. Da rana ya saɓe, sai ya manta. Ni ban manta ba.

Ya shigo da murna da yamma. Sun samu babban aiki, bangon waje na wani dogon bene, daga can sama za su fara su gangaro. Ba tsani kaɗai ba, katako za a ɗaura musu su tsaya a kai. Jibi za su hau.

Mama ta ce da wannan cikin naka? Ya ce zai san yadda zai yi da cikin.

Na san yadda zai yi. Ba zai ci komai ba.

Lahadi, 30 ga Maris

Na gwada faɗin maganar ni kaɗai a banɗaki. Ko a can ma ba ta fito ba.

Litinin, 31 ga Maris

Bari in rubuta daki-daki, kar in manta.

Mama ta fita. Na huda masa yatsa, lambar tana ƙasa tun bai sha komai ba. Na ajiye abinci ya ce a rufe sai ya dawo. Na ce nas ta ce, ya ce nas ba za ta hau bene da shi ba, ga alawa nan a aljihu. Ya haɗiye ƙwayar. Leɓen ya sake tashi. Dogo yana waje yana ta danna odar babur.

Gwaggo ta fito da filas ta miƙo min. “Sa masa a jaka.”

Na karɓa. Da ɗumi. Jakar tana jingine da bango, kusa da bokiti, ga farin tsumman tace fenti an wanke an shanya a kan igiya.

Ban yi shawara da kaina ba, da na yi da ban yi ba. Na fizgo tsumman na shimfiɗa a bakin bokiti, na tsuguna na buɗe filas na fara zubawa.

Baba ya ce, “Ke! Lafiyarki?”

Gwaggo ta ce, “Ta haukace. Karɓe!”

Ban tsaya ba. Na girgiza na ƙarshen na juye duka. Shayin ya wuce, abin da ya rage ya rage. Cittar daban, da zare-zarenta. Ɗayan kuma laushi gare shi kamar laka, ya yi tudu a tsakiya.

Baba ya matso. Ya tsuguna a gabana, ya ɗebo da yatsa ya murza, yadda yake yi wa dattin fenti. Ya shinshina. Ya ɗora a harshe.

“Wannan ba citta ba ce.”

Sai na ji wata murya ta ce, “Baba, kar ka hau yau.” Tawa ce. Da ƙarfi ta fito, har Dogo ya daina oda.

Daga nan sauran suka biyo, ba a jere ba. Robar, da furen, da ɗaya, da biyu, da magudana, da ukun yanzu. Ina faɗa ina kuka. Ban san ko ya gane rabi ba.

Gwaggo ta ce, “Ƙyale yarinya. Ni ce. Ni na sa ta.”

“Yaya, tun yaushe?”

“Tun da na zo.”

Ya zauna a kan gwangwanin fenti. Na ɗauka zai yi faɗa. Abin da ya ce kawai, “Na dafa ƙirji na rantse wa matar nan.”

Gwaggo ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar Baffa a ɗaki ta yi shi. Ta ce, “Ni na goye ku, ku biyun. An fita da ɗaya ina kallo ban yi komai ba. So kake in sake zama in naɗe hannu?”

Baba ya miƙe. Ya leƙa waje ya ce wa Dogo ya tafi, ya ba mai aikin haƙuri. Dogo ya ce aikin fa ba ya jira. Baba ya ce to ya wuce.

Ni kuma na tuna ƙwayar da ya riga ya haɗiye. Na ɗauko abincin na ajiye a gabansa na ce, “Ka ci.” Haka kawai, babu ko don Allah. Ya kalle ni, ya ci.

Talata, 1 ga Afrilu

Jiya ban ƙarasa ba. Mun je asibiti mu uku, robar a cikin ledar tare da sauran. Gwaggo ta ce ba za ta shiga ba, sai kuma ta shiga.

Nas mai tabarau ce dai. Baba ya ajiye robar ya ce, “Na yi miki rantsuwar da ba daidai ba, ban sani ba. ’Yata ce ta san zancen.” Sai kowa ya juyo.

Na kalli tebur na faɗa. Ta yi ta tambaya, yaushe cikin ya fara, yaushe ya lafa, yaushe ya dawo, leɓen fa. Duk na sani. Ba ta ce min komai ba a kan gyaɗa kan da na yi mata rannan.

Ta kira likita. Abin da na riƙe daga maganarsu: mutane da yawa suna shan abin nan ba ya yi musu komai, shi ya sa ake ɗauka ba ya yi wa kowa. Wasu yana ɓata musu ciki. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa sam, ƙaiƙayin ke nan, kuma leɓen da ya kumbura shi ya fi ba likitan tsoro, don wani a maƙogwaro yake kumbura masa numfashi ya gagara. Ya ce garin yana iya jan suga ƙasa, to ga ƙwaya tana ja, ga ciki babu abinci, ga mutum a sama. Ya ce ba zai rantse shi kaɗai ne ya yi duka ba, amma a daina yau, a gani. Aka ɗebi jinin Baba don a duba hantar.

Gwaggo ta ce, “Amma yana wanke hanta.”

Likitan ya ce ana faɗa, ana kuma ta bincike, amma har yanzu ba a tabbatar ba. Ya ce ko da zai yi amfani, ba a ɓoye za a ba mai ciwon suga ba.

“Ganye ne fa, ɗana.”

Nas ta ce mata, “Mama, taba ma ganye ce.”

Baba ya yi dariya bai shirya ba. Gwaggo ta harare shi.

Juma’a, 4 ga Afrilu

An ba wasu aikin benen. Dogo ne ya zo ya faɗa. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ya daɗe zaune yana kankare burushin da babu komai a jikinsa.

Mama ba aikin ne ya dame ta ba. “Ni ce bakina ba ya riƙe magana? Da an gaya min, da bakin nawa ya yi rana!” Ni ma na samu rabona. Ta ce yarinya tana gida ɗaya da uwarta tana haɗiye irin wannan. Sai kuma ta jawo ni ta riƙe har na ji warin burodi a hancina.

Gwaggo ta ɗaure jakarta da igiya ta ajiye a bakin ƙofa. Jakar tana nan a wurin, Gwaggo ma tana nan. Ba ta yi min magana. In tana son abu sai ta gaya wa bango, wai a ce wa mai bakin nan ta miƙo min buta.

Abin da ya fi min ciwo, Baba da kansa yake haɗa shayinsa yanzu. Tashi kawai yake ya shiga kicin. Bai iya ba, cittar ko ta yi yawa ko babu. Yatsan dai har yanzu ni yake miƙo wa.

Talata, 8 ga Afrilu

Sakamakon jini ya fito jiya, hantar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Wuyan ya washe. Gwaggo ta ce addu’arta ce. Jakar ta koma ƙarƙashin gado.

Yau da na gama huda masa yatsa sai ya turo min filas da ƙafa, yana kallon wani wuri. “’Yar Shiru, cece ni. Shayina ko Dogo ya ƙi sha.”

Ina kicin Gwaggo ta shigo da wani ƙulli a hannu, ta nufi tukunya.

Na ce, “Gwaggo, mene ne wannan?”

“Citta ce, ’yar sanda. Sabuwa na sayo, taku ta bushe.”

Na ce in gani. Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta. Ta kwance ta ajiye a tafin hannuna. Na karya na shinshina. Citta ce.

“To, an yarda in wuce?”

Na ce an yarda.

Baba ya karya, ya sha kofi guda a tsaye, bai leƙa ƙasan kofin ba.

A shago Anti ta ce in kai wa wata mai riga kayanta in gaya mata wuyan ba zai yiwu yadda take so ba. Na je na gaya mata. Ba wani abu ba ne, dama matar ba ta da faɗa.